Kafin ka sayi katin faifai ko allon uwa (babban allon da ake saka katunan kwamfuta a kai), duba iyakar RAM ɗin da yake iya kaiwa

Mai haɗa uwar garke a kan Linux yakan zuba ido kan yawan RAM da saurin faifai, ya manta da tambaya ɗaya: katin da zan saka, har ina yake iya kaiwa a cikin RAM ɗin? Katin faifai da na hanyar sadarwa ba sa jiran firosesa ta miƙa musu bayanai, da kansu suke karantawa su rubuta cikin RAM, abin da ake kira DMA. Kowane kati yana da iyakar adireshin da zai iya kira. Mai bit 32 ba ya wuce gigabait 4 na farko, ko da injin yana ɗauke da gigabait 128. Tsofaffin na'urorin ISA masu bit 24 kuwa a megabait 16 suke tsayawa.

A ranakun lafiya ba za ka lura ba. Linux yakan ware wani ɗan wuri a ƙasa da gigabait 4, SWIOTLB, mai megabait 64 idan ba a sauya ba, ya riƙa kwafo bayanai can domin katin ya iske su. Aiki yana tafiya, sai dai kwafin yana cin lokaci, kuma in lodi ya yi yawa wurin yakan cika, dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, ya fara kuka.

Ranar da kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa injin, ya faɗi ne asiri ke tonuwa. Tun Linux 2.6.13 a 2005 akwai kdump: tun wajen kunna inji ake killace wani yanki na RAM da umarnin crashkernel, a ajiye kanel na biyu a ciki. Na farko na faɗuwa, na biyun ya tashi a wannan ɗan yankin, ya karanta abin da ya rage a RAM ta /proc/vmcore, ya adana shi a faifai ko ya tura ta hanyar sadarwa. To da wane kati zai adana? Da wanda ka saya. Idan yankin yana sama da gigabait 4 kuma katin bai kai can ba, dole a ƙara ware wani a ƙasa. Shi ya sa a injin x86 mai bit 64, in ka ce a killace a sama, kanel yakan ƙara aƙalla megabait 256 a ƙasa da kansa. Ƙasan nan kuwa kamar kasuwa ce ranar cinta, kowa na neman wurin shimfiɗa.

Zaɓi mafi arha shi ne tsohon kati mai bit 32, irin wanda ake cirowa daga injin da ya gama yayi. In RAM ɗinka bai wuce gigabait 4 ba, babu laifi. In ya wuce, ni dai ba zan ɗora faifan da kdump zai yi rubutu a kai ba.

Kati mai DMA na bit 64 shi ya fi kwanciyar hankali, kuma yawancin faifan NVMe da katunan PCIe na zamani haka suke. Amma kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a kwali. Direban, wato manhajar da ke sarrafa katin, shi ne yake faɗa wa kanel iyakar katin, kuma kana iya ganin abin da ya faɗa: nemo lambar katin da umarnin lspci, ka shiga /sys/bus/pci/devices/, ka buɗe dma_mask_bits a ƙarƙashin lambar. In ka ga 64, madalla. In 32 ka gani bayan direban ya hau, ka san abin da ke hannunka tun lokacin mayar da kaya bai wuce ba.

Sai allon uwa mai IOMMU, wato VT-d a Intel, AMD-Vi a AMD, SMMU a ARM. Shi yake fassara adireshin da kati ya kira zuwa ko'ina a RAM, don haka ko mai bit 32 yana kaiwa sama ba tare da kwafi ba. Yana kuma hana katin da ya rikice yin rubutu inda ba a ba shi izini ba. Wasu alluna a kashe suke zuwa da shi, sai ka shiga BIOS, wato saitunan allon da ake buɗewa wajen kunna inji, ka kunna. A ganina, in kuɗin abu ɗaya kawai gare ka, saka shi a nan, domin kati ana sauyawa gobe, allo kuwa sai an wargaza inji.

Ƙananan alluna na ARM labarinsu daban. A Raspberry Pi 4, wanda ya fito a 2019, wasu sassan gigabait 1 na farko kawai suke gani, kuma a fitowar farko hanyar PCIe, wadda USB 3 ke bi, ba ta wuce gigabait 3. Ƙara RAM zuwa gigabait 8 ba ya faɗaɗa wannan ƙasan, kuma a can kdump zai nemi nasa rabo. Don koyo ya isa. Don injin da dole a gano dalilin faɗuwarsa, nemi wani.

Sa RAM ɗin kdump cikin lissafin sayayya, don ba za ka taɓa amfana da shi a aikin yau da kullum ba. RHEL 9, nau'in Linux na kamfanin Red Hat, ya zo da megabait 256 ga injin x86 da ke tsakanin gigabait 4 da 64, da 512 ga wanda ya haura haka, kuma inji mai katuna da yawa yakan buƙaci ƙari. Bayan haɗawa, tun ba a ɗora aiki ba, duba /sys/kernel/kexec_crash_size ka tabbatar ba sifili ba ne, sannan ka kayar da kanel da gangan ta hanyar tura harafin c zuwa /proc/sysrq-trigger. In injin ya dawo babu vmcore, fayil ɗin da kdump ke adanawa, a /var/crash, fara bincike daga katin faifan.