Tsakanin 2,147,483,647 da 4,294,967,297: wacce ke rabuwa, kuma ta yaya aka sani?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake cewa 2,147,483,647 ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, alhali 4,294,967,297 tana rabuwa, ga shi kuwa dukansu daga ninkin 2 suka fito. Lalle dangantakarsu ta kusa ce. Ta farko tana samuwa idan aka jera 2 guda 31 aka ninka su da juna aka cire 1, ta biyu kuma idan aka ninka 2 guda 32 aka ƙara 1. Kowacce alƙaluma goma gare ta, kowacce da 7 ta ƙare, kuma 2 da 3 da 5 ba sa raba ko ɗaya daga cikinsu, don haka kallo da ido ba zai bambanta su ba.

Bari mu fara da babbar. A shekarar 1640 masanin lissafi Pierre de Fermat na Faransa ya lura cewa 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk marasa rabuwa ne, sai ya yi zaton ta gaba a wannan jeri (inda ake cire 1 daga lamba, a ninka saurar da kanta, a ƙara 1 don samun ta gaba), wato 4,294,967,297, ita ma haka take. A 1732 wani masanin lissafin, Leonhard Euler, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ne ke ba da ita, kuma waɗannan biyun ba sa ƙara rabuwa. Ba sai an bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba kafin a kai ga 641, domin Euler ya tabbatar daga baya cewa duk lamba marar rabuwa da za ta raba wannan, dole ta bar saura 1 idan aka raba ta da 64. Waɗanda suka cika sharaɗin a jere su ne 193, 257, 449, 577, sai 641, ka ga ke nan a gwaji na biyar magana ta ƙare. A ganina abin mamakin shi ne yadda wannan ya kuɓuce wa Fermat, tunda ƙa'idar da aka gina hujjar a kanta tasa ce.

Ƙaramar ta fi wahala, duk da cewa ba ta kai rabin babbar ba. Mai son nuna cewa lamba tana rabuwa, mai raba ta guda ɗaya tak yake bukata, amma mai son nuna cewa ba ta rabuwa sai ya kawar da duk waɗanda ake zato. Abubuwa biyu ne ke rage aikin. Idan lamba ta kasu gida biyu, ƙaramin gidan ba zai wuce lambar da in an ninka ta da kanta take ba da asalin ba, saboda haka gwaji yana tsayawa a 46,340. Sannan duk mai raba 2,147,483,647 sai ya bar saura 1 idan aka raba shi da 62. Da irin wannan tacewa Euler ya bayyana a 1772 cewa babu mai raba ta, shekara 40 bayan ya warware ta Fermat.

Idan aka ƙirga masu raba su baki ɗaya, ƙaramar tana da biyu, babbar tana da huɗu: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta.

A aikin kwamfuta ma sun sha bamban. Idan aka ware gurabe 32 na 0 da 1, aka bar guda don nuna ko lambar tana ƙasa da sifili, 2,147,483,647 ce mafi girma da za ta shiga. Wannan ne ya sa tsofaffin manhajoji masu ƙirga daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970 za su cika a ranar 19 ga Janairu, 2038. Ita kuwa 4,294,967,297 ba ta shiga ko da an yi amfani da guraben duka, domin iyakarsu 4,294,967,295 ce, ta ɗara ta da 2.