Hoton mamografi a wata kilinik ta Maraɗi: abin da na gani

Matan da suka haura shekara 40 suna yawan tambayata ko hoton nono da ake yi a kilinik ɗin nan ta wajen unguwar Ali Ɗan Sofo ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta, amma da sharaɗi: kada ki fita sai lokotoro ya karanta miki takardar.

Mace ce ke ɗaukar hoton, wannan ya kwantar min da hankali. Tun a ƙofa ta ce, "Hajiya, kin shafa hoda ko turaren hammata?" Ashe burbushinsu kan fito a hoto ya rikita likita. Na'urar tana matse nono sosai, da zafi, sai dai ba ya daɗewa.

A nawa hoton an ga fararen ɗigo-ɗigo a nonon hagu, kamar an barbaɗa gishiri. Takardar da Faransanci take, ga ACR 3 (matakin haɗarin abin da aka gani a hoto) a ƙasa, aka miƙo min a ambulan babu mai cewa uffan. Nan ne suka gaza. Macen da ba ta yi lakwal ba za ta koma gida ta kwana tana kuka, ta ɗauka sankara ce.

Da na matsa na ga lokotoron, ya zauna ya yi min bayani da Hausa. Ɗigon nan sinadarin kalsiyam ne da ya taru, kuma ba shan nonon shanu ko madara ke kawo shi ba. Manya-manyan, masu yawa ga matan da suka wuce 50, kusan duka ba komai ba ne. Ƙananan ake sa wa ido, musamman in sun cunkushe wuri ɗaya, ko sun jeru a layi, ko siffarsu ta bambanta. ACR 3 na nufin yiwuwar sankara ba ta wuce 2 cikin 100 ba, sai a sake hoto bayan wata 6. ACR 4 a ɗebi ɗan nama a auna, kuma ko a nan yawanci sakamakon lafiya yake fitowa. ACR 5 ne ya haura 95 cikin 100. In ta tabbata, akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai.

Layi yana da tsawo, ki je da sassafe. In kina da tsohon hoto ki riƙo shi, da shi suke gwada ko ɗigon ya ƙaru.