Faya-fayan Françoise Hardy: da wanne ya kamata mai saye ya fara?

Duk wanda ya yi niyyar sayen waƙoƙin Françoise Hardy, mawaƙiyar Faransa da aka haifa a birnin Paris a ranar 17 ga Janairun 1944 kuma ta bar duniya a ranar 11 ga Yunin 2024, zai tarar da faya-fayai masu yawan da za su iya rikitar da shi, domin ta yi shekara hamsin da shida tana fitar da kundin waƙoƙi, daga 1962 har zuwa 2018. Wannan bayani an yi shi ne domin mai jin Faransanci a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, da ɗalibin da ke koyon harshen a Kano ko Zariya, waɗanda kuɗinsu ba zai wuce na kundi ɗaya ko biyu ba, kuma ba sa son su yi sayen da za su yi da-na-sani.

Tarko na farko yana jikin suna. Yawancin kundayen da ta fitar a shekarun 1960 ba su da wani suna a bangonsu sai nata, daga baya ne masu sayarwa suka riƙa kiran kowanne da sunan waƙar da ta fi fice a cikinsa. Saboda haka mutum yana iya ganin faifai huɗu ko biyar duka an rubuta musu Françoise Hardy kawai, alhali abin da ke ciki ya sha bamban. Kafin a biya kuɗi, wajibi ne a duba shekarar fitowa da jerin waƙoƙin da ke bayan bango. Haka kuma ta rera waƙoƙinta da yawa da Ingilishi da Italiyanci da Jamusanci domin kasuwannin waɗannan ƙasashe, don haka mai neman Faransanci ya tabbatar ba bugun Landan ko na Jamus ya ɗauko ba.

Kundin farko, wanda kamfanin Vogue ya fitar a 1962, shi ne aka fi sani da Tous les garçons et les filles, ma'ana dukan samari da 'yanmata. Waƙar ta shiga gidajen Faransawa ne a daren 28 ga Oktoban 1962, lokacin da aka nuna ta a talabijin yayin da jama'a ke zaune suna jiran sakamakon ƙuri'ar raba-gardama kan zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Hardy tana da shekara goma sha takwas a lokacin, kuma abin da ya bambanta ta da sauran 'yanmatan zamanin da ake kira yéyé shi ne ita ke rubuta mafi yawan waƙoƙinta da hannunta. Ga mai koyon harshe babu kundin da ya kai wannan amfani, domin jimlolin gajeru ne, kalmomin na yau da kullum ne, furucinta kuma a fili yake. Rauninsa yana wajen kiɗan, wanda bai da zurfi, kuma ita kanta ba ta ɓoye rashin gamsuwarta da yadda aka ɗauki waƙoƙinta na farko ba, dalilin da ya sa ta koma ɗaukar aiki a Landan a tsakiyar shekarun 1960.

A nan ne ya kamata a yi hattara da faya-fayai masu arha. A dokar Tarayyar Turai, sautin da aka fitar kafin 1963 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka bayan shekara hamsin, kafin a tsawaita wa'adin zuwa shekara saba'in ga abin da ya biyo baya. Sakamakon haka kowane ƙaramin kamfani yana iya tattara waƙoƙinta na 1962 ya sa musu sabon bango, ya kira su zaɓaɓɓun waƙoƙi, ya sayar. Mai saye zai ɗauka ya sami rayuwar mawaƙiyar gaba ɗaya, sai ya tarar aikin shekara guda ne kawai a ciki, kuma ba lallai ne daga asalin kaset ɗin ɗauka aka kwafo shi ba. Idan har tarin zaɓaɓɓu ake so, alamar na kirki ita ce a ga Mon amie la rose ta 1964 da Comment te dire adieu ta 1968 da Message personnel ta 1973 duka a jeri guda.

Kundin 1968, wanda ake kira Comment te dire adieu, zaɓi ne mai kyau ga wanda ke son kiɗa mai armashi da saurin shiga kunne. Serge Gainsbourg, mawaƙi kuma marubucin waƙoƙi ɗan Faransa, ne ya rubuta baitocin Faransanci na babbar waƙar a kan karin wata waƙar Amurka, kuma ya gina amsa-amonta a kan sautin "ex", har yana raba kalma gida biyu domin ya same shi. Wannan gwaninta tana burge wanda ya ƙware a harshen, amma tana wahalar da ɗan koyo. A wannan shekarar ce kuma Hardy ta daina hawa dandamali, abin da ya sa mai saye ba zai sami faya-fayan wasan kai tsaye na shekarun da suka biyo baya ba, kuma bai kamata ya ɓata lokaci yana nema ba.

Sai kundin da nake ganin ya cancanci kuɗin mai saye fiye da kowanne, wato La question na 1971. Ta yi shi ne tare da Tuca, wata makaɗiyar jita 'yar ƙasar Brazil da ke zaune a Paris a lokacin, wadda ta tsara mafi yawan karin waƙoƙin. Kayan kiɗan kaɗan ne: jita, da babbar tsirkiya mai amon ƙasa, da goge irin na Turawa da aka ɗora daga baya, muryar kuma tana kusa da kunne kamar mai yi maka magana a cikin ɗaki. Lokacin da ya fito bai yi kasuwa ba, domin babu waƙar da gidajen rediyo za su riƙa maimaitawa, amma da tafiya ta yi nisa masu nazarin kiɗa suka dawo suna ɗaukar sa a matsayin mafi ingancin aikinta, ita ma ta sha nuna alfahari da shi. Dole in faɗi sharaɗinsa: kundi ne na zaman natsuwa, wanda ake saurara daga farko zuwa ƙarshe da dare, kuma wanda ke neman abin da zai kunna a mota cikin hayaniyar gari zai ga kamar bai sami komai ba. Ga wanda zai ba shi lokacinsa kuwa, ba kundi ne da ake gajiya da shi ba.

Message personnel na 1973 yana tsakiyar waɗannan biyun, wato Comment te dire adieu da La question. Mawaƙin Faransa Michel Berger ne ya jagoranci aikin, a shekarar da Hardy ta haifi ɗanta Thomas, wanda mahaifinsa shi ne mawaƙi Jacques Dutronc. Piyano ya fi yawa a ciki, kuma babbar waƙar tana farawa da magana kafin rerawa, abin da ke taimaka wa mai horar da kunnensa da harshen. Idan kuɗin na kundi biyu ne, wannan nake ba da shawarar a haɗa da La question.

Ayyukanta na ƙarshe na wanda ya riga ya san ta ne. Ta sanar da cewa Décalages na 1988 shi ne na sallama, amma ta dawo da Le danger a 1996, sannan Tant de belles choses a 2004, shekarar da aka gano tana ɗauke da cutar daji, har zuwa Personne d'autre a 2018.

Batun nau'in faifai shi ma yana buƙatar lissafi. Faifan garmaho yana da kwarjini, kuma bangonsa na shekarun 1960 yakan ɗauki hotunan da mai ɗaukar hoto Jean-Marie Périer ya yi mata, amma zafin bazara yana lanƙwasa shi idan an jingine shi ba daidai ba, ƙurar hunturu tana shiga layukansa, kuɗin aiko shi daga Turai da na kwastan kuma yana iya zarce farashinsa. Mai saye a Discogs, shafin intanet na cinikin faya-fayai, ya lura ko babban faifai ne mai juyi 33 ko ƙarami mai juyi 45, domin ƙananan na Faransa a wancan zamani waƙa huɗu kawai suke ɗauke da ita. Faifan CD ya fi jure yanayinmu kuma ya fi sauƙin aikowa, sau da yawa da ɗan littafin baitoci a ciki. Hanya mafi arha ita ce a biya kuɗin wata guda a manhajar sauraren kiɗa ta Deezer ko Spotify, a saurari kundayen 1962 da 1971 da 1973 kowanne sau biyu ko uku, sannan a yi odar CD na wanda aka fi komawa gare shi.