Wata huɗu a kan keken haya: abin da na gani

Rabona da hawa keke ya kai shekara goma sha biyu kafin na yi rajistar keken hayar da aka zuba a birnin da nake zaune. A bene nake, hawa na uku, babu inda zan ajiye keke, kuma ɗaukarsa sama da ƙasa kullum ba abin da zan jure ba ne. Tashar kekunan tana bakin layinmu, kullum ina wuce ta da safe, har wata rana na tsaya na sauke manhajarsu a waya. Yau wata huɗu ke nan ina hawa, kusan sau biyar a mako.

Tsarin ba shi da wuya. Ka haska lambar da ke jikin keken da kyamarar waya, makulli ya saki, ka ja kekenka. Idan ka isa, ka nemi tasha mafi kusa ka tura gabansa cikin gurbi har fitila ta nuna kore. Minti talatin na farko suna cikin rajistarka, abin da ya haura sai an ƙara caji. Dabarar ta daɗe: a 1965 wasu matasa a Amsterdam suka shafa wa kekuna farin fenti suka bar su a titi ba makulli don kowa ya hau, abin bai yi nisa ba. Sai da aka haɗa keke da tasha mai kulle kanta da katin biya, irin wanda birnin Paris ya buɗe a 2007 da sunan Vélib', sannan abin ya zauna da gindinsa.

Abu na farko da za ka ji shi ne nauyi. Keken ya fi wanda na saba da shi nauyi nesa ba kusa ba, kuma a hawan tudu sai ka gane haka a cinyoyinka. Da farko abin ya ba ni haushi, daga baya na fahimci dalili: keke ne da ke kwana a waje, rana da ruwa, hannu ɗari na taɓa shi. Giyarsa uku ce, a ɓoye cikin cibiyar tayar baya, don haka kana iya sauya giya ko kana tsaye a danja, abin da keke mai giya a waje ba ya yarda da shi. An rufe sarƙar, ba ta kama ƙafar wando, ba ta shafa baƙin mai. Fitilun gaba da baya da kansu suke kunnuwa da zarar taya ta fara juyawa. Akwai kwando a gaba da igiyar roba mai riƙe jaka. Ga kuma ƙirarsa, babu sandar tsakiya, mai doguwar riga ma zai hau ba tare da ya ɗaga ƙafa sama ba.

Makonni biyun farko gwiwata ta dama ta riƙa ciwo, har na fara tunanin ko keken ne bai karɓe ni ba. Wani dattijo cikin masu kula da hawan keken jama'a da ake yi a garinmu ranar Lahadi ne ya lura da yadda nake taka feda. Ya ce, “Malam, sirdinka ya yi ƙasa. Ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa, ka ɗaga sirdin har ƙafarka ta miƙe.” Na yi yadda ya ce, na duba lambar da ke jikin sandar sirdin na haddace ta. Tun daga ranar, kowane keke na ɗauka sai na mayar da sirdinsa kan wannan lamba kafin na hau, ciwon kuwa ya tafi. Ya kamata manhajar ta koya wa sabon mahayi wannan tun ranar farko, amma ko kalma ɗaya ba ta ce ba.

Wannan hawan na Lahadi shi ne ya sa na ƙaunaci abin. Sau ɗaya a wata ake rufe wasu manyan tituna da safe, a hana mota shiga, a bar su ga masu keke da masu gudu da masu tafiya a ƙasa. Titin da na sani da hayaƙi da ƙarar oda, sai ga shi shiru, ba ka jin komai sai ƙararrawar keke da muryar yara. Na ga uba yana gudu a bayan 'yarsa, hannunsa a kan sirdi, ya sake ta ba ta sani ba, ta yi nisa ita kaɗai. Na ga tsofaffi biyu suna tafe a jere suna hira, babu mai matsa musu. Masu aikin sa kai suna tsaye a kowace mahaɗa da tuta, wasu kuma da famfo da kayan faci, suna gyara wa mutane taya kyauta. Birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ya fara irin wannan tun 1974, kuma can kowace Lahadi da ranakun hutu suke yi, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, a kan tituna da tsawonsu ya haura kilomita 120. Namu na wata-wata bai kai ko kusa ba, kuma ina ganin ya yi kaɗan. Ba don keken haya ba da a gefen titi zan tsaya ina kallo.

Aibunsa kuwa a tashoshin yake. Da safe tashar unguwa takan zama wayam, duk an kwashe kekunan zuwa tsakiyar gari; da ka isa can kuma sai ka tarar kowane gurbi a cike, kana zagaye neman wurin ajiyewa minti talatin ɗinka na ƙarewa. Akwai motar da ke kwashe kekuna tana rarrabawa, amma ba ta cim ma jama'a. Sau ɗaya na tura keke gurbi, ban jira koren haske ba, ashe bai kulle ba, lokaci ya yi ta tafiya a kaina har dare. Sun gyara lissafin bayan na kai ƙorafi, sai dai amsar ta ɗauki kwana huɗu. Sau biyu kuma na ɗauki keke mai sakakken birki. Yanzu kafin na haska lamba sai na matsa birki biyun, na danna tayoyi da babban yatsa, na juya feda baya. Hular kwano ba sa bayarwa, na sayi tawa, ina rataye ta a jaka.

Akwai masu batir a cikinsu, na gwada sau uku. Injin yana taimaka maka ne muddin kana taka feda, yana kuma janye hannu idan ka kai gudun kilomita 25 a awa, iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa irin waɗannan kekuna. A tudu da rana mai zafi sun yi, amma ni motsa jiki nake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma zuwa aiki da dawowa a kan keke mara batir ya cika mini wannan ba tare da na ware wani lokaci ba.

Ga mai gajeriyar tafiya a cikin gari, ko wanda ya daɗe bai hau ba yana son ya gwada kansa kafin ya sayi nasa, ina ba shi shawara ya yi rajista. Mai son fita bayan gari ya yi awa biyu ko uku yana shan iska, wannan keken zai gajiyar da shi, cajin ma zai taru. Na sabunta rajistata, na kuma sa sunana a hawan da ake shiryawa na 3 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018. Dattijon nan ya ce suna neman ƙarin masu riƙe tuta a mahaɗa, na ce masa ya rubuta ni a zagaye na biyu, bayan na gama nawa hawan.