Kubwa, Lugbe ko Mararaba: amsa ga 'yar uwar da za su koma Abuja daga Kano

Ƙanwata, na ga tambayarki. An yi wa maigida canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, ofishinsu yana Sakatariyar Tarayya, yaranku uku, babbar tana aji 2 na ƙaramar sakandare, biyun suna firamare, mota ɗaya ce a gidan, kuma dillalai sun nuna masa gidaje a Kubwa da Lugbe da Mararaba. Kin ce na Mararaba ya fi araha, a taswirar waya ma kamar ya fi kusa da ofis, to me zai hana ku kama shi. Allah ya sa canjin nan ya zama alheri. A yanayin da kika bayyana, ni Kubwa zan ce muku. Amma bari in buɗe miki dalilan, don idan abu ɗaya ya sauya a lissafinku, amsar ma tana iya sauyawa.

Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disamba 1991, hayar Maitama da Asokoro da Wuse ta fi ƙarfin ma'aikaci mai cin albashi, sai jama'a suka bazu a kan manyan hanyoyi uku da ke shiga gari. Hanyar Keffi ita ce ta Nyanya da Mararaba da Masaka. Hanyar filin jirgi ita ce ta Lugbe. Hanyar Zuba ita ce ta Gwarinpa da Dutse da Kubwa. Wanda ya kama gida a ɗaya daga cikinsu, hanyar ya zaɓa kafin gidan, don a kanta zai wayi gari ya kuma yi magariba.

Taswira ba ta yi miki ƙarya ba game da Mararaba. Ranar Lahadi da safe, minti 30 ya isa mutum ya kai Sakatariya. Ranar Litinin kuwa, wanda ya bar gida ƙarfe 7 yana iya cin awa 2 a hanya, da yamma kuma a maimaita. Dalilin a fili yake. Duk mai fitowa daga Keffi, Masaka, Ado, One Man Village, Mararaba, Nyanya, Karu, Jikwoyi da Kurudu, titi ɗaya yake bi ya haura Kugbo ya faɗa mahaɗar AYA da ke Asokoro. A kan wannan titin manyan motocin Jos da Lafiya da Makurɗi suke, ga kasuwa ta cinye gefen hanya, ga masu haya suna lodi a tsakiyar kwalta. Hanyar Apo zuwa Karshi da aka ce za ta rage wannan nauyi, tun 2011 aka ba da kwangilarta, ta shafe sama da shekara 10 ba a gama ba. Shi ya sa mutanen wannan yanki suke fita ana idar da sallar asuba, wasu ma a masallacin ofis suke yin ta. Uban da ya fita yara na barci ya dawo sun yi barci, kwana biyar a mako, ba ƙaramin abu aka cire wa gida ba, ga ki baƙuwa a gari ba dangi kusa. Sannan tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, man da mota ke ƙonawa a tsaye cikin gosulo yana cinye wani kaso na rangwamen hayar da ya ja hankalinku.

Ban ce Mararaba ba ta da abin so ba. Kayan abinci sun fi sauƙi, kasuwar Orange Market tana nan, tumatur da albasa da doya a buhu da kwando. Hausawa suna da yawa, masallatai da islamiyyu ba sai an nema ba. Babban abin da ta fi sauran shi ne fili. Mararaba jihar Nasarawa ce, ƙaramar hukumar Karu, kuma mai matsakaicin ƙarfi yana iya sayen fili a Masaka ko Ado ya yi takarda a hukumar filaye ta jihar ya gina nasa a hankali. A cikin Birnin Tarayya kuwa minista ne kawai ke ba da fili, takardar mai unguwa ba ta hana rusau. Da maigida ɗan kasuwa ne mai fita ƙarfe 10, ko mai aikin karɓa-karɓa, ko kuma gida Bauchi ne ko Gombe inda hanyar Keffi da Akwanga da Jos ce hanyarku, da na ce ku duba Mararaba da kyau. Mai sa hannu a rajista ƙarfe 8 a Sakatariya, a'a.

Lugbe ita ce ta fi su duka sauƙin zuwa ofis. Titin Umaru Musa 'Yar'aduwa mai faɗi ne, ana kula da shi saboda shi ne hanyar manya da baƙi daga filin jirgi. Daga Federal Housing zuwa City Gate zuwa Sakatariya, minti 20 zuwa 30 ne a yawancin ranaku, kuma Asibitin Ƙasa yana bakin hanyar. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an sauka daga babban titi. Yawancin sababbin rukunin gidajen suna can ciki, wasu sai an yi tafiya a kan jar ƙasa wadda damina ke mayarwa taɓo, ruwan sha na burtsatse ne, kuma bayan haya akwai kuɗin gadi da shara da gyaran taransifoma duk shekara. A kula da kwari sosai. A Yuni 2023 ambaliya ta shanye gidaje a rukunin Trademore har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, kuma ba shi ne karo na farko ba. Duk gidan da za a nuna muku a Lugbe, maigida ya dubi katanga ko akwai shatin ruwa, ya tambayi maigadin maƙwabta, kada ya tsaya ga bakin dillali.

Abin da ya fi sa ni ja baya da Lugbe a lamarinku shi ne motar nan guda ɗaya. Idan ya fita da ita, ke da yara kun dogara da babur ko Keke Napep kafin ku fito bakin titi, kuma zaman rukunin gidaje zaman kowa-tasa-ta-fisshe-shi ne. Macen da ta saba da Kano, inda maƙwabciya ke leƙowa ta ce ina kwana, za ta ji shi a jikinta.

Kubwa ta fi Lugbe nisa, wannan ba musu. Amma titin Murtala Muhammad mai layi 10 ne, kuma in ba hatsari aka yi ba ko an tare hanya, minti 35 zuwa 45 ya kai mutum ofis da safe. Cunkosonta yana mahaɗar Dutse da wajen Gwarinpa da kuma mashigan garin da yamma, yana tafiya a hankali amma yana tafiya. Abin da nake so da ita shi ne gari ce cikakkiya, ba wurin kwana kawai ba. Akwai babban asibitin gwamnati, kasuwa, bankuna, masallatan Juma'a, makarantu na kowane aljihu, ga kasuwar Dei-Dei kusa in ana neman dabba ko kayan gini. Tsofaffin unguwannin da aka tsara, irin su Phase 2 da Phase 4 da FHA, suna samun ruwan famfo daga madatsar Usuma da ke wajen Ushafa, abin da mai zama a Mararaba yake saye kullum a hannun 'yan ga-ruwa. Ki lura dai, Kubwa suna ne mai faɗi. Can ƙarshen Byazhin da bayan Arab Road wata duniya ce daban ta fuskar hanya da ruwa, kuma a farkon 2024 an yi fama da masu garkuwa da mutane a gefen Bwari da Dutse, a unguwannin da suka jingina da duwatsu da daji. Gida ƙarami a tsakiyar gari ya fi babba a bakin daji.

Sai zuwa gida, wanda mu 'yan Arewa ba ma raina shi, don biki da suna da ta'aziyya ba sa ƙarewa. Daga Kubwa, kafin ki gyara zama kin kai Zuba kin hau hanyar Kaduna. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yuli 2016 yana tsayawa a tashar Kubwa, ya sauke ku a tashar Rigasa da ke Kaduna. Mai tasowa daga Mararaba sai ya keta Abuja gaba ɗaya kafin ya fara tafiyar.

Yanzu makaranta, wadda a ganina ita ya kamata a fara nema kafin gida. Kuskuren da sababbin zuwa suka fi yi shi ne su sa yara a makarantar cikin gari, wai uba zai sauke su in zai wuce ofis. Yaron firamare ya tashi ƙarfe 5, ya karya a mota, a tashe su ƙarfe 2, ya zauna jiran uba har 4 ko 5, ya iso gida an kusa magariba. Islamiyya ta tafi kenan, aikin gida kuma da gyangyaɗi za a yi shi. A Kano yaranki sun saba boko da safe, islamiyya da yamma, wataƙila hadda Asabar da Lahadi. In kina so wannan tsari ya ɗore, makarantun biyu su kasance inda za ki iya kai su da ƙafa ko a Keke cikin minti 10, ba tare da an tsallaka babban titi ba. A Kubwa da Mararaba wannan mai sauƙi ne. A Lugbe ya danganta da rukunin da kuka faɗa, sau da yawa sai an haɗa da motar makaranta, ita ma kuɗi ce mai zaman kanta duk zango.

Makarantun firamare na gwamnati a Abuja, waɗanda ake kira LEA, suna hannun ƙananan hukumomin birnin, kuma a 2025 malamansu sun yi yajin aiki sama da wata 3 a kan mafi ƙarancin albashi, yara suna zaune a gida. Don haka ƙananan biyu, in da hali, a nema musu mai zaman kanta matsakaiciya, musamman irin waɗanda suka haɗa boko da Alƙur'ani. Kada ginin bene da fenti su ruɗe ki. Ki tambayi yara nawa ne a aji, malaman sun daɗe ko duk zango sababbi ne, kuma a rubuta miki duk abin da za a biya, har yunifom da littattafai da kuɗin bikin ƙarshen shekara. Babbar kuwa, tun da jarrabawar kammala ƙaramar sakandare tana gabanta a aji 3, gara ta shiga sabuwar makarantar tun farkon shekarar karatu a Satumba, ki kuma karɓo mata takardar canji da sakamakonta na baya kafin ku taso. Ƙananan in sun kai aji 6, akwai jarrabawar shiga makarantun haɗaka ta tarayya da NECO ke shiryawa, kuma kwalejin 'yan mata ta tarayya da ke Bwari tana kusa da Kubwa.

Za ki ji wasu sun ce Suleja. Gaskiya ce can za ki ji kamar kina gida, garin sarki ne na Hausawa, haya da abinci da sauƙi. Amma jihar Neja ce, sai an wuce Madalla da Zuba kafin a kama hanyar da mutumin Kubwa ya fara daga rabinta. Ga mai zuwa Sakatariya kullum, ta yi nisa.

Kafin a biya ko sisi, a tambayi rukunin wutar da gidan yake. Tun Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, ya ninka na sauran sosai, kuma unguwa ɗaya tana iya rabuwa gida biyu. A tabbatar akwai mita mai kati, kuma wanda ya tashi bai bar bashi a kanta ba. A sa a lissafi cewa bayan hayar shekara akwai kashi 10 na dillali, da kuɗin lauya, da na ajiya saboda ɓarna. Ranar da mota ta kwana wurin makaniki kuma, maigida ya hau motar haya a tasha, kada ya tare ta a bakin titi da duhu, saboda 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, suna aiki a dukkan hanyoyin nan uku.

Shawarar da zan ƙara ita ce ya riga ku zuwa. Ya sauka wurin abokin aiki ko ɗan uwa na 'yan makonni, ya kwana a kowace unguwar da yake tunani, ya fita ranar Litinin a daidai lokacin da zai riƙa fita, ya dawo ranar Juma'a da yamma, in da hali ranar da aka yi ruwan sama. Ku kuma ku ƙarasa zangon da yara suke ciki a Kano, ki zo da kanki ki zaga makarantu biyu ko uku a Kubwa ana cikin karatu, sannan a nemi gida a kewayen wadda ta kwanta miki.