Tsohuwa ko Sabuwa? Kafin Ka Biya Kuɗin Babbar Mota, Duba Gas ɗin da Za Ta Sha

Da aka gama sayar da riɗin bana, ƙanin mahaifina ya ja ni gefe a ƙauyenmu da ke bayan Gumel. Ya gaji da biyan kuɗin haya zuwa Dawanau, yana son motar kansa. Dillalai sun nuna masa uku: tsohuwar Marsandi 911, da wata DAF 'yar Kwatano ƙirar farkon shekarun 2000, da kuma wata mai sheƙi da ba ta daɗe da barin titunan Turai ba, komai nata na kwamfuta.

"Ɗana, wacce ta fi ɗaukar buhu?"

Na ce, "Baba, bar maganar buhu tukuna. A ina za ka riƙa shan gas?"

Ba wasa nake ba. Gas ɗin da muka tashi muka tarar cike yake da farar wuta, wadda masana ke kira sulfa, har kashi 3,000 cikin miliyan doka ta yarda da shi. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a saukar da shi zuwa 50, matatar Dangote da ke Legas kuma ta fara fitar da gas a 2024. Amurka ta koma 15 tun 2006, Turai ta koma 10 tun 2009, kuma a kan irin wannan man aka ƙera motocinsu na yanzu. Mu a nan muna tsaka-tsaki. Yau ka sha mai kyau a babban gidan mai, gobe gas ya yanke maka a hanyar Maigatari ka sayi na jarka a wurin 'yan bumburutu, ba ka san me aka haɗa a ciki ba.

Mu fara da tsohuwa. Direbobi da yawa sun ɗauka sabon gas ɗin cutar da ita yake yi. Ta fuskar inji alheri ne gare ta. Sulfa idan ta ƙone ta gamu da laima, ruwan guba take zama mai cin ƙarfe, tana kuma saurin kashe baƙin mai. Raguwarta na nufin injin zai fi daɗewa. Inda gizo ke saƙar shi ne fanfon da ke tura gas cikin inji. Wankin da ake yi wa man a matata yana tafiya da wani ɓangare na santsinsa, shi ya sa ake zuba masa sinadarin da zai mayar da santsin kafin ya fito kasuwa. Fanfo mai jere, irin na 911, ƙasansa cikin baƙin mai yake wanka, don haka bai cika damuwa ba. Fanfo mai juyawa kuwa, irin na ƙananan motocin ɗaukar kaya da tsofaffin taraktocin Massey Ferguson, da gas ɗin kansa yake samun santsi. Shi ne ke shan wahala idan man ya bushe, musamman wanda aka surka da kananzir.

Sai robobi. Tsohon gas yana kumbura robar fanfo, ita kuma ta saba da hakan shekara da shekaru. Sabon bai kumbura ta sosai, sai ta tsuke ta fara zufa. Na ga wannan da idona a jikin 911 ɗin da aka nuna mana: gindin fanfon ya jiƙe, jar ƙura ta manne masa kamar an shafa kunu. Bakanikenmu ya goge da tsumma, ya sa aka tayar da inji, ba a jima ba wurin ya sake yin danshi. Ya ce, "Alhaji, wannan ba mutuwa ba ce, roba ce." Gyara ne na yini guda, kayan kuma ana samu a Ƙofar Ruwa. Ka dai sa a rage maka a ciniki.

Mai sheƙin fa? Ita gas mai tsabta ba gata ba ne a wurinta, abincinta ke nan, ba ta cin wani. Motoci irinta, na matakin dokar hayaƙi da ake kira Yuro 6, waɗanda Turai ta wajabta tun wajen 2014, suna feso mai da ƙarfin da ya kai 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, alhali tayar tirela ba ta wuce 8 ko 9. A irin wannan matsi, ɗan ruwa ko ƙurar hunturu da ta shiga tanki ta isa ta cinye nozul, wato bakin da ke feso man cikin inji. A salansarta akwai matatar hayaƙi da ke tara kunkunniya ta ƙone ta da kanta, amma sai motar ta yi doguwar tafiya ta ɗauki zafi. Mu kuwa tafiyarmu ta hanyar burji ce, gargada da giya ɗaya, sannan a bar inji yana gurnani a kasuwar Gujungu ana lodi. Haka matatar ke toshewa, gas mai sulfa kuma yana gaggauta abin. Tana kuma son nata baƙin man mai ƙarancin toka, ba kowane galan ba.

Akwai kuma ƙaramin tanki mai shuɗin murfi, na ruwan AdBlue da ke rage gubar hayaƙi. Yuriya ce kashi 32.5 cikin 100 a tataccen ruwa. Da Baba ya ji haka sai ya yi dariya, ya ce ai yana da buhunan yuriya a ɗaka. Kada wanda ya gwada. Takin gona da ruwan rijiya kashe na'urar za su yi. Idan kuma ruwan ya ƙare, kwamfuta rage wa motar ƙarfi take yi, ka ga ƙatuwar mota da lodi tana rarrafe. Wasu na cire kayan gaba ɗaya su sake saita kwamfutar. To ka biya kuɗin sabuwa ke nan ka mayar da ita tsohuwa, kuma idan mai saitin bai ƙware ba, fitilar gargaɗi ba za ta bar ka ka huta ba.

Ba ina kushe ta ba ne. Ta fi tsimin mai, ta fi ƙarfi, yaron mota ba ya shaƙar baƙin hayaƙi. Wanda ke jigila tsakanin Kano da Legas a kan kwalta, yana da gidajen mai da ya amince da su da bakanike mai na'urar duba kwamfuta, ita ce tasa.

Ta tsakiyar, wato DAF ɗin, matakin Yuro 3, ba ta da matatar hayaƙi, ba ta shan AdBlue. Sabon gas yana yi mata daɗi, idan kuma tsautsayi ya sa ta sha marar kyau sau ɗaya, yawanci canjin filta ya wadatar. Shekarunta dai sun ja, sai a duba nozul da wayoyinta da kyau. Ga mai zama a karkara da ke zirga-zirga tsakanin Gumel, Haɗeja da Kano, ita na fi natsuwa da ita. 911 kuwa sai ga wanda ba ya barin burji kuma ba ya sauri.

Ko wacce ka zaɓa, je ka gan ta da sassafe kafin a ɗuma injin, ka ga yadda take tashi. Ɗebo gas daga ƙasan tanki a farar kwalba ka ajiye a inuwa. Idan akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, idan ka ji warin kananzir ka san abin da ta daɗe tana sha.

Baba DAF ɗin ya ɗauka. Kafin ta ɗauki buhu ko ɗaya sai da aka sauke tankin aka wanke, aka ƙara mata filta mai raba ruwa da gas. Abin da ya fito daga tankin nan ya kusa cika bokitin fenti, rabinsa laka.