Bitar farfaɗo da jarirai da na je a Unguwar Rimi

Shekara 14 ke nan ina aikin jinya da ungozoma, yawancinsu a ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti a Rigasa, Kaduna. Bita kuwa na je ta ba adadi, tunda Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ba ta sabunta lasisi, wanda ake yi duk bayan shekara 3, sai da shaidar ƙaro ilimi. Amma wannan da wani wurin horo mai zaman kansa ya shirya a Unguwar Rimi, da kuɗin aljihuna na je ta, naira 25,000 na kwana biyu, saboda wata haihuwa da ta tsaya mini a rai tun damina.

Tsarin da suka koyar shi ne Helping Babies Breathe, wato taimaka wa jarirai su yi numfashi, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito da shi a 2010 domin asibitoci irin namu masu ƙarancin kayan aiki. Maganarsa duka a kan minti ɗaya take. Jariri ya faɗo, ki tsane shi sosai da zane, ki sauya busasshe, ki murza bayansa. In bai yi kuka ko numfashi ba, kafin mintin nan ya cika ki fara hura masa iska da ambu, wato jakar robar da ake matsawa ta tura iska ta cikin abin rufe hanci da baki. Ba sai kin jira iskar oksijin ba, iskar ɗaki ta isa a fara da ita.

Duk wannan na san shi a takarda. Abin da ya sa kuɗina bai tafi a banza ba shi ne jaririyar roba, NeoNatalie, wadda ake ɗura wa ruwa ta yi nauyi kamar ɗan da aka haifa yanzu. Mai horarwa na matsa wata 'yar roba ta gefe, sai ki ji bugun zuciya a cibi, ko ki ji shiru. Da na ɗora abin rufe fuska na matsa, ƙirjin bai motsa ba. Na sake, bai motsa ba. Malamar, wata dattijuwar nas da ta yi ritaya, ta dafa kafaɗata ta ce, "Sista, iska na zurarewa ta gefen kumatu. Ɗan ɗaga haɓar, kada ki lanƙwasa wuyan da yawa." Na gyara riƙo, ƙirji ya tashi. A nan take haihuwar daminar nan ta dawo mini, jikina ya yi sanyi. Ta sa na maimaita ina ƙirgawa da baki, hurawa 40 a minti, har hannuna ya daina rawa.

Ta kuma yi mana faɗa, cikin girmamawa, kan zuƙe majinar kowane jariri ko da hanyar numfashinsa a buɗe take, da kuma riƙe shi ta ƙafa kai a ƙasa ana mari. Ta kawo binciken da aka yi a asibitocin Tanzaniya, aka buga a 2013, inda mutuwar jarirai cikin awa 24 na farko ta ragu da kusan rabi bayan wannan horo.

Inda suka gaza, a ganina, shi ne kwaɗayin yawan mutane. Mu 30 ne, jarirai na roba 4 kacal, ɗaya ma tana yoyo. Tsarin na mutum biyu ne a kan kowace jaririyar roba, amma wasu ƙannenmu da suka zo tun daga Kafanchan sau biyu kawai suka taɓa ambu. Ranar farko kuma an ci mana fiye da awa guda da jawaban buɗe taro. Abinci da wurin salla ba laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne babu wani shiri na waiwayarmu. Wannan aikin hannu ne, wata uku in ba a taɓa ba sai ya fara zamewa. Na tambaya ko za su bar mu mu riƙa zuwa gwaji ko da sau ɗaya a wata, aka ce za a duba.

Duk mai karɓar haihuwa ina ba ta shawara ta je, amma ta tambayi adadin mahalarta da na jariran roba kafin ta biya. Ni dai yanzu kullum na karɓi aiki, sai na harhaɗa ambu na gwada shi a tafin hannuna, na ajiye kusa da gadon haihuwa tare da zane biyu.